Keken hawan dutse a titin BUK: abin da na gani bayan shekara guda ina zuwa aiki a kansa

Ranar da na ɗora keken nan a kan sikelin mai sayar da hatsi na unguwarmu, allurar ta tsaya a kilo 18 da 'yar ɗoriya. Babu jaka a kansa, babu sarƙar kulle da kwaɗonta. Wannan nauyin nake tuƙawa daga Ɗorayi zuwa wurin aikina da ke kusa da titin Murtala Mohammed, kimanin kilomita 9 zuwa, 9 dawowa, Litinin zuwa Juma'a, yau shekara guda ke nan da wata biyu. Abokan aikina uku sun tambaye ni ko su sayi irinsa, kuma na ga amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye a bakin ƙofar ofis.

Dalilin hawana keke ba boyayye ba ne ga duk wanda ke Najeriya. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A Kano an hana acaɓa tun farkon 2013, saboda haka wanda ba shi da abin hawa sai Adaidaita Sahu. Ni hawa biyu nake yi kafin in isa aiki, biyu in dawo. Da na zauna na yi lissafin wata, sai na ga kuɗin mota ya fara cin na cefane. Babur ya fi ƙarfina, kuma shi ma mai yake sha.

Na sayi keken na hannu, irin waɗanda ake shigo da su a kwantena. Tun daga nesa ya ja hankalina a cikin 'yan'uwansa: tayoyi masu kauri da haƙora kamar na tarakta, inci 26 tsayi, faɗi ya ɗara inci biyu, shok a gaba, wani shok mai murɗaɗɗen ƙarfe a tsakiya ƙarƙashin sirdi, giya 21, wato faranti uku a wajen feda, bakwai a tayar baya, birki na faifai gaba da baya. Mai sayarwa ya ce da ni, "Yallaɓai, wannan ko rami ka faɗa ba za ka ji ba." Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne nawa ne daga cikin hanyata rami, nawa ne kwalta.

Daga baya na bi diddigin asalin irin wannan keke. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka fara gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga tsaunuka a kan hanyar tsakuwa. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya kai irin keken kasuwa da yawa. Duk abin da ke jikin keken dutse irin nawa an yi shi ne don mai hawa da gangarowa daga dutse da gudu: haƙoran taya don su kama ƙasa, shok don ya shanye duka, ƙananan giya don hawan tudu mai tsayi. Kano kuwa shimfiɗe take kamar faifai. In ka cire Dala da Goron Dutse, babu tudun da zai sa mutum neman giya ta ɗaya. A cikin 21 ɗin nan, huɗu kaɗai nake taɓawa.

Amma bari in fara da inda ya yi mini rana, domin ba ƙaramar rana ba ce. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin kwalta akwai kusan kilomita guda na lungu da babu kwalta ko burji. Da rani rairayi ne mai laushi wanda taya ke nutsewa a ciki, da damina kuma taɓo ne da ruwan kwata da ya ɓalle. Wata safiya a watan Agusta, bayan ruwan da aka kwana ana yi, na tarar da layinmu ya zama rafi. Wani maƙwabcina ya sauka daga babur ɗinsa yana turawa, wandonsa a naɗe har gwiwa. Masu Adaidaita sun ƙi shigowa, mata da yara 'yan makaranta sun jeru a kan dakalin wani shago suna jira ruwa ya janye. Na sa ƙaramar giya, na miƙe bayana, na shiga. Ina jin tayar baya tana tauna ƙasa a ƙarƙashin ruwan, tana zamewa kaɗan ta sake kamawa. Akwai wani gurbi da ruwa ya ɓoye, tayar gaba ta faɗa ciki, shok ɗin ya nutse ya dawo, ban ko sauke ƙafa ba. Na fita bakin titi takalmina a jiƙe amma ina kan sirdi. Ranar na gode wa Allah da ban sayi siririn keke ba, kuma har yau in na tuna da ita nakan ji keken ya shiga raina.

Matsalar tana farawa ne daga inda kwalta ta fara, kuma kwalta ita ce kilomita takwas cikin tara.

Da zarar ka hau titin BUK za ka ji tayoyin suna gurnani, wani "vuuu" da ba ya yankewa, har cikin tafin hannu kake jinsa. Wannan ƙarar ƙarfinka ne ke tafiya a banza. Kowane haƙori sai ya lanƙwashe a kan kwalta ya miƙe, kuma ƙafarka ce ke biyan kuɗin. In ka daina taka feda, keken ba ya gangarawa da kansa mai nisa, nan da nan yake lafawa kamar ana riƙe shi ta baya. Sai kuma shok na tsakiya. A lungu alheri ne, a titi kuwa duk takun da ka yi sai keken ya ɗan duƙa ya tashi, wani kaso na ƙarfin da ya kamata ya tura ka gaba ya tafi wajen matse ƙarfen. Na fi jin haka wajen fitowa daga gadar ƙasa ta Gadon Ƙaya da hawan gadar sama ta Ƙofar Nassarawa. In na miƙe tsaye a kan feda don in ƙara ƙarfi, sai keken ya riƙa sukuwa a wuri ɗaya. Masu tsada suna da maɓallin da ake kulle shok ɗin in an hau kwalta. Nawa ba shi da shi, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa da araha ba su da shi.

Akwai wani dattijo da muke yawan haɗuwa wajen Ƙofar Na'isa, a kan tsohon baƙin kekensa irin na iyayenmu, mai giya ɗaya, da buhu ɗaure a kariya. Yana tafe a natse, babbar riga a naɗe a kafaɗa, ƙafarsa na juyawa a hankali, amma sai in ga ya wuce ni. Makonnin farko na ɗauka rashin sabo ne. Da ƙafata ta yi ƙwari kuma ya ci gaba da wuce ni, na gane ba daga ni ba ne. Tayarsa siririya ce mai santsi, cike da iska tam, jikin kekensa ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Duk abin da ya taka, gaba yake kai shi.

A lokacin minti 50 nake yi kafin in isa. Da hunturu babu laifi. Amma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, ko da ƙarfe bakwai na fita sai in isa rigata ta manne da bayana. Keken ba shi da kariya, kuma saboda bayansa yana motsi da shok, babu inda za a ɗaura ta yadda za ta zauna. Dole jakar goyo, ita kuma tana toshe iska ta ƙara zufa. Babu kuma murfin da ke tare taɓo a kan tayoyin, don haka da damina tayar baya tana zana maka layin laka tun daga ƙugu har wuya. Na koma ajiye kaftani biyu da hula a ofis, ina tafiya da riga mai sauƙi, in na isa in watsa ruwa in canza. Mai gadinmu, Allah ya saka masa, shi ke ajiye mini bokiti.

Wanda ya sauya mini lamarin wani tsoho ne mai gyaran keke a gindin dalbejiya, ba nisa da Ƙofar Famfo. Na kai masa ne don giyar baya tana tsalle. Ya gyara, sannan ya shafa tayar baya da babban yatsa, ya nuna mini yadda haƙoran tsakiya suka cinye har sun kusa shafewa, na gefe kuwa sababbi fil kamar ba a taɓa hawa ba.

"Ɗana, ina kake zuwa da wannan?"

"Aiki, Baba. Cikin gari."

"To ai takalmin noma ka sa kake zuwa masallaci. Dubi nan, tsakiyar kaɗai kake ci. Nemo taya mai santsi, inci ɗaya da rabi, rim ɗinka zai ɗauka. Ka cika ta da iska daidai lambar da aka rubuta a gefenta."

Na bi maganarsa. Ya kuma murɗa zoben shok na tsakiya har ƙarshe don ya yi tauri, ya ɗaga mini sirdi, domin ashe na yi watanni ina tuƙi gwiwa a lanƙwashe, abin da ya sa take yi mini ciwo da daddare. Ya ce in diddigena yana kan feda a ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai, to tsayin ya yi. Washegari gurnanin nan ya ɓace. Na ji ƙarar sarƙa kawai da iska a kunne. Lokacina ya sauko zuwa minti 38, wani lokacin 40 in an tsaya a danja. Ban taɓa kashe kuɗi kaɗan na ga amfani mai yawa irin na wannan canjin taya ba.

Sai dai ba kyauta ba ne. Yanzu a rairayin layinmu tayar gaba takan yi mini gardama, akwai wuri biyu da nake sauka in tura. Kuma faci ya ƙaru. Tsofaffin tayoyin ko tsidau ba ya huda su, sababbin kuwa sau uku na yi faci cikin wata biyar, biyu ƙaya, ɗaya guntun waya. Ina yawo da ƙaramin famfo da tub na ajiya a jaka.

Nauyin kuwa babu mai gyara shi. Ofishinmu a hawa na biyu yake, kuma tun da aka sace keken wani a harabar ginin na daina barinsa a ƙasa. Ɗaukar kilo 18 a matattakala mai kwana, bayan tuƙin kilomita tara, shi ne abin da na fi ƙi a yinina. Hannun keken ma faɗi gare shi, ya fi ƙarfin cunkoson Kano, inda ake kurɗawa tsakanin Adaidaita da motar haya. Sau biyu yana gogar madubin mutane, sai da Baba ya rage mini kaɗan daga kowane gefe da zarto. Ƙurar hunturu kuma tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar kwaɓaɓɓen toka mai cin ƙarfe. In ban wanke sarƙar da kananzir na sa sabon mai duk mako biyu ba, giyar takan fara ƙara. Keke mai giya ɗaya ba ya neman wannan hidimar.

Birkin faifai kam ba ni da abin cewa sai yabo. Mai Adaidaita yana iya tsayawa a gabanka ba sigina da zarar an ɗaga masa hannu. Wata rana da yamma ana yayyafi, wani ya yanko gabana wajen Gidan Murtala, na damƙe birki biyu, keken ya tsaya cak, tazarar da ta rage bai fi taku ɗaya ba. Birkin roba da ke kama rim yakan yi sanyi in ya jiƙe. Abin lura kawai, takalmin birkin faifai ba kowane mai gyara ke da shi ba, sai na shiga kasuwa da tsohon a hannu ana gwadawa. Na sa fitila ja a baya da fara a gaba, masu caji, domin da hunturu magariba kan riske ni a hanya.

Kuɗin keken ya dawo mini cikin 'yan watanni daga abin da na daina ba masu Adaidaita. Numfashina ya ƙaru, barcina ya gyaru. Wasu dangi sun yi ta jajanta mini kamar wani abu ya same ni, mutum da aikinsa a kan keke. Wannan bai dame ni ba, kuma ina fata ma'aikata da yawa su hau, domin in mun yi yawa a titi direbobi za su fara ganinmu.

Ga abin da na gaya wa abokan aikina. Wanda ke zaune a Hotoro, ƙofar gidansa a bakin kwalta, na ce kada ya kusanci irin nawa. Ya nemi keke marar shok ko ɗaya, mai siririyar taya da kariya. Na biyun yana can ƙarshen Rijiyar Zaki inda lungu ya fi namu tsawo da yashi, shi na ce ya sayi keken dutse, amma mai shok a gaba kawai, kuma ya ɗaga shi da hannu ɗaya kafin ya biya. Na ukun ya ce yana son mai shok biyu saboda kyan gani, na ba shi nawa ya je gida da shi ya dawo. Da safe ya miƙo mini makullin ya ce zai sake tunani.

Ni dai ban sayar da nawa ba. Tsofaffin tayoyin suna rataye a ƙusa a zaure, kuma da zarar ruwa ya zauna a watan Yuli zan kai wa Baba ya mayar mini da mai haƙoran a gaba, ya bar mai santsin a baya. Ya ce haka zai fi, kuma ya yi mini alkawarin in aka kawo masa jikin keke marar shok na tsakiya daidai tsayina, zai ajiye mini mu kwashe birkin da giyar mu mayar a kansa.