Zanen Sinai ya biya kuɗinsa, rubutun Ƙudus kuwa ya ɓata min rai

Wata biyu ke nan da na yi odar kwafin zane-zane guda uku na David Roberts ta intanet, kuma yanzu sun zauna a bangon ɗakin karatuna har na san su sosai. Roberts ɗan Sikotland ne, ya fara da zanen bangon dandamalin wasan kwaikwayo, sannan a 1838 da 1839 ya zaga Masar da Sinai da Fetra (tsohon birni a ƙasar Jodan ta yau) da Ƙudus yana zana abin da ya gani. Louis Haghe ne ya mayar da su na bugawa a Landan daga 1842.

Kayan sun makara da mako biyu, amma sun iso a naɗe cikin kwali mai ƙarfi, babu lanƙwasa. Takardar mai kauri ce, ba ta ƙyalli, don haka ko hasken taga ya faɗa mata ba ta kashe ido.

Wanda ya fi kama zuciyata shi ne na gidan sufayen Kirista na Santa Katarina, a gindin dutsen da muke karantawa a Suratut Tin, Ɗuri Sinina. Ganuwar ta yi ƙanƙanta a gaban duwatsun, ga raƙuma da mutane kamar tururuwa a ƙasa. Launin ƙasa-ƙasa da ja-jan dutsen ya fito kamar la'asar sakaliya a lokacin hunturu. Sarkin Rumawa Justiniyan ne ya gina wurin a ƙarni na 6, kuma a cikin wannan ganuwa akwai ƙaramin masallaci tun zamanin daular Faɗimiyyawa ta Masar. A zamanin Roberts da igiya ake jan baƙo sama a shigar da shi ta wata ƙofa can a saman katanga. Maƙwabcina, wanda ya je ziyarar Isra'ila da cocinsu, ya tsaya gabansa ya fi minti goma bai ce uffan ba.

Na biyun na kaburburan sarakunan Mamluk ne a saharar bayan Alƙahira. Yana da kyau, sai dai bugun ya ɗan kode, sararin sama ya koma fari fat.

Na Ƙudus ne ya sa na rubuta wa mai shagon. A ƙasansa an buga "Masallacin Umar", kamar yadda Turawan wancan zamani ke kiran ginin. Wannan Ƙubbatus Sakhra ce, wadda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina, aka gama wajen shekara ta 691, shekaru da yawa bayan rasuwar Sayyidina Umar. Roberts mutumin zamaninsa ne, ban riƙe shi da laifi ba. Amma mai sayarwa a yau ya kamata ya ƙara layi ɗaya na gyara, domin yaran da ke shiga ɗakina abin da suka karanta shi za su ɗauka. Har yau bai ba ni amsa ba, ni kuwa na sa mai firam ya rufe rubutun, na liƙa nawa.

Mai niyyar saye ya sani akwai surar mutane da dabbobi a duka ukun. Hajiyarmu da ta gani cewa ta yi, "Ɗan nan, kada dai ka kai su inda kake salla." Shi ya sa suke ɗakin karatu, a bangon da ba ya fuskantar alƙibla.