Gargaɗi ga mutanen Kebbi: in wa'adin ajiyarka ya cika aka ce ka sabunta, kada ka sa hannu

Jama'a, akwai kamfanonin da ke karɓar kuɗin mutane da sunan ajiya mai wa'adi, ta wata uku ko shida ko shekara, su yi alƙawarin riba mai tsoka duk wata, sa'annan ranar da ya kamata su maido da uwar kuɗi a shiga gafara sa, ba a ga ƙaho ba. Sun san lokacin da kuɗi ke hannun mutanenmu: bayan an yanke shinkafar rani a fadamun Argungu da Suru, bayan an kwashe albasa a Aliero, ko sa'ad da aka biya tsofaffin ma'aikata garatuti a Birnin Kebbi. Har kuɗin adashin mata da na marayu da wanda aka tara don kujerar Makka ba su bari ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mana rai.

Mu fara da lissafi, domin shi ba ya jin kunyar kowa. A ce kamfani ya yi maka alƙawarin kashi 10 cikin ɗari duk wata. Wato kashi 120 cikin ɗari ke nan a shekara, in kuwa ana mayar da ribar kan uwa, naira miliyan 1 za ta haura miliyan 3 cikin wata 12. To a ƙarshen 2024, lokacin da kuɗin ruwa ya yi tsada ƙwarai a ƙasar nan, ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya, wato CBN, kashi 27.5 ne cikin ɗari a shekara guda cur. Mai sana'ar da ke da tabbacin ninka kuɗi sau uku, me zai hana shi zuwa banki ya ci bashi mai araha, har sai ya zo yana roƙon naka mai tsada? Suna cewa shanshera suke saye da kaka su ɓoye, ko shanu suke turkewa, ko taki suke sarowa. Duk wanda ya taɓa tara hatsi ya san riba sau ɗaya take zuwa a shekara, in ta zo, kuma akwai shekarar da farashi ke karyewa a ci har uwa. Babu buhun da ke haihuwa duk ƙarshen wata. Abin da ke faruwa shi ne, kuɗin wanda ya shigo yau ake ɗiba a biya wanda ya shigo jiya. In sun tara miliyan 100, suna buƙatar miliyan 10 kowane wata don biyan riba kawai, ban da la'adar wakilai da hayar ofis da motocin da manyansu ke hawa. Ranar da sababbin shiga suka ragu, ranar asiri ke tonuwa. Haka MMM, wata harkar zuba kuɗi irin wannan, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, haka takwararta CBEX ta durƙushe a Afrilun 2025.

Sai batun halal, wanda da shi suka fi kama mutanenmu. Za a ce maka ba kuɗin ruwa ba ne, mudaraba ce. A mudaraba ta gaskiya, abin da ake yankewa shi ne rabon riba, misali kashi 60 naka, 40 na mai juyawa, daga abin da aka samu. Ba a yanke adadin kuɗi tun farko, kuma in an yi asara ba da sakacin mai juyawa ba, mai dukiya ke ɗauka. Wanda ya ce maka naira dubu 100 duk wata kan miliyan ɗaya, ko an ci ko an faɗi, kuma uwa na nan daram, bai yi mudaraba ba, ko da ya rataya allon ayoyi a ofishinsa. Mai son ajiyar da ba ruwa, ga bankunan Musulunci masu lasisi irin su Jaiz da TAJ da Lotus.

Takardun da suke liƙawa a bango ma a duba su da kyau. Satifiket na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana nuna an yi wa kamfani rajistar suna ne kawai, irin wadda mai shagon siminti ma ke yi. Takardar SCUML ta EFCC ta sa ido ce kan safarar kuɗin haram, ba izinin karɓar ajiya ba ce. Dokar bankuna ta 2020 ta hana kowa karɓar ajiyar jama'a sai da lasisin CBN, mai tara kuɗin mutane don zuba jari kuwa dole ya yi rajista da SEC, hukumar kula da harkar zuba jari. Ƙungiyar gama kai da ta yi rajista da jiha, hurumin ta 'ya'yanta ne, ba duk wanda ya ratso kasuwa ba. Ko ƙaramin banki mai lasisi, wato microfinance, yana da iyaka: wanda aka ba izinin aiki a wata jiha ba shi da ikon buɗe reshe a Jega ko Yauri. Sunayen masu lasisi suna nan a shafukan intanet na CBN da SEC da hukumar inshorar ajiya ta NDIC, kuma CBN na da reshe a Birnin Kebbi. A duba sunan harafi da harafi, don wasu na aron sunan da ya yi kama da na halastaccen banki.

Amfanin lasisin ba ado ba ne. Tun watan Mayun 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ke lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙaramin banki. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, ta wannan hanya aka biya masu ajiya. Kamfanin da ba shi da lasisi, in ya faɗi, NDIC ba ta san da zamanka ba, ko kwabo.

Yanzu ga wurin da aka fi yi wa mutane illa, wato ranar cikar wa'adi. Da wuya su ce maka babu kuɗi kai tsaye. Manaja zai tarbe ka da fara'a: "Alhaji, a ƙara mana haƙuri, kaya na sito ba a sayar ba." Gobe a ce CBN ta riƙe asusu, jibi a ce ana gyaran na'ura. Bayan ka gaji da jeka ka dawo, sai a fito maka da sabuwar takarda: "Hajiya, ki sabunta na wata shida, mun ƙara miki kashi biyu." Wannan takarda ita ce tarkon. Kafin ka sa hannu, kana bin su bashin da lokacinsa ya yi, kana iya kai ƙara yau. Da ka sa hannu, da kanka ka ɗage wa'adin, lauyansu zai nuna wa alƙali cewa lokacin biya bai yi ba. Wata shidan nan kuwa su suke buƙata don kwashe abin da ya rage.

Akwai wadda ta fi wannan muni. Sai a ce za a mayar da ajiyarka hannun jari, ka zama cikin masu kamfani. Kalmar tana da daɗin ji, amma ma'anarta ita ce ka tashi daga mai bin bashi ka koma mai jari, kuma in aka zo rushe kamfani a raba kadarorinsa, masu bin bashi ake fara sallama, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. Wasu kuma su karɓi asalin takardarka wai za a sabunta a kwamfuta, ka fita hannu rabbana. Wasu su ba ka fili a madadin kuɗi, filin da babu takardar mallaka, ko wanda aka riga aka nuna wa mutum biyar. Wasu su biya ka kashi ɗaya cikin goma, su sa ka sa hannu a takardar da aka rubuta da Turanci cewa an sallame ka gaba ɗaya. Idan kuma aka ce sai ka biya kuɗin haraji ko na tantancewa kafin a saki kuɗinka, ka sani damfara ce ta biyu a kan ta farko. Harajin da ke kan ribar ajiya, kashi 10 cikin ɗari, daga cikin ribar ake cire shi, ba a cewa mai ajiya ya kawo daga gida.

Wanda kuɗinsa ya riga ya maƙale, ya fara da tattara hujja tun kafin su farga. Asalin takardar ajiya da rasidai su zauna gida, hoto kawai za a ba kowa. A je banki a ciro bayanan asusu masu nuna ranar da aka tura kuɗi da sunan asusun da ya karɓa. In asusun wani mutum ne ba na kamfani ba, ko ta mai POS aka biya, a rubuta sunan, domin kamfani na iya musun ya karɓa, sai a bi wanda kuɗin ya shiga hannunsa. A ɗauki hoton saƙonnin WhatsApp da tallan Facebook, a adana muryoyin da aka turo, domin dare ɗaya ake rufe zauren a goge komai. Sa'annan a rubuta takardar neman biya mai kwanan wata, a faɗi adadin kuɗi, ranar ajiya, ranar cika, a ba su kwana 7 ko 14, a sa su buga hatimi a kwafinka. Lauya na iya ciro rahoton kamfanin daga CAC, wanda ke nuna sunayen daraktoci da adireshinsu.

In banki ne mai lasisi, a fara kai koke gare shi a rubuce, in mako biyu ya wuce ba a warware ba a ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN. In ba shi da lasisi, a kai ƙorafi SEC da ofishin EFCC na shiyya da ke Sakkwato. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko duka biyun, ga masu irin wannan harka. Amma a fahimci abu guda: 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne, dokarsu ta 2020 ma ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. Don haka ƙorafin ya fito da yaudarar fili, wato karɓar ajiya ba lasisi da ƙaryar sana'ar da babu ita. Neman kuɗin kansa kuwa a kotu ake yi, kuma gara mutum ashirin su haɗu su ɗauki lauya ɗaya, ya nemi umarnin riƙe asusu da kadarorin kamfanin da wuri. Marar hali ya nemi hukumar ba da tallafin shari'a kyauta. Kada a zauna jiran sulhun da ba shi da rana, don doka ta yanka wa'adin shigar da ƙarar bashi.

In sun ba ka caki, kada ka bar shi a aljihu don an roƙe ka. Ka kai banki cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa. In ya dawo don babu kuɗi a asusun, ka riƙe shi da shaidar banki, domin dokar 1977 ta mai da bayar da cakin bogi laifi mai ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara.

Ku kuma wakilai, masu kawo 'yan uwa da maƙwabta don la'ada, ku ji da kyau. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Masu kamfani za su tsallake, ku za a bari da surukai da abokan sahun masallaci, kuma sunanku ne a asusun da kuɗi ya bi. Wanda ya ga an fara jinkirin biya ya daina karɓar kuɗin kowa daga yau, ya rubuta sunan duk wanda ya kawo da adadin da ya zuba da inda aka tura kuɗin, ya kai wa masu bincike da ƙafarsa tun ba a zo nemansa ba.