Ni baƙo na jefa ƙuri'a a Ingila, ɗan gari aka mai da shi gida

Masu tambayata nawa buhun shinkafa a nan, nawa kuɗin haya, ku yi mini haƙuri, yau maganar zaɓe na kawo muku. Akwai wata doka a ƙasar nan da ko 'yan Najeriya mazauna nan ba duka suka san da ita ba: duk wanda ya fito daga ƙasashe renon Ingila, muddin yana da izinin zama, to yana da ƙuri'a, har a zaɓen 'yan majalisar da ake fitar da firaminista daga cikinsu. A waya na yi rajista, ina zaune bakin gado, da lambar da ake cirar mini haraji da ita. Bayan an sa ranar zaɓe sai ga takarda ta gidan waya, da sunana da adireshin inda zan je.

Ranar Alhamis 4 ga Yuli 2024, na taso daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi a Bradford, na biya ta wurin. Ba soja, ba shinge, motocin haya na ta zirga-zirga, kantuna a buɗe. Ana fara zaɓe ƙarfe 7 na safe, ba a rufewa sai 10 na dare, don mai aiki ya samu zuwa. Mutum ɗaya na tarar a gabana, wani Bature da zai haura hamsin, da ganin takalminsa ka san babu. Ya miƙa takardar da aka aiko masa, matar da ke teburin ta ce sai da shaida mai hoto. Ya ciro katin banki, ta ce ba hoto a jiki. Ba shi da fasfo don bai taɓa barin ƙasar ba, ba shi da lasisi don ba shi da mota. Ya ce a unguwar nan aka haife shi, a ɗakin nan yake zaɓe tun yana saurayi. Ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ta ce in ya samo wata shaidar ya dawo kafin goma. Ni kuwa na miƙa koren fasfona, ta dubi hoton ta dube ni, ta ja layi a kan sunana, ta ba ni takardar ƙuri'a. Da fensir na zaɓa. Ina fitowa na gan shi a bakin ƙofa yana kunna taba, muka haɗa ido, wallahi ni na fara sunkuyar da kai.

Dokar neman shaida mai hoto ta 2022 ce, an fara aiki da ita a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2023. Kafin nan, a Ingila sunanka da adireshinka kawai za ka faɗa a ba ka ƙuri'a. Hukumar zaɓensu ta ce kimanin mutum 14,000 aka mayar a 2023 ba su dawo ba, a babban zaɓen 2024 kuma kimanin 16,000. Abin dariya, Boris Johnson, wanda gwamnatinsa ce ta kawo dokar, shi ma an mai da shi a Mayun 2024 saboda ya manta da shaidarsa. Shi dai ya koma ya ɗauko. Wanda ba shi da abin ɗaukowa shi ne abin tausayi, don kuɗin fasfo ya haura fam 80. Gaskiya akwai takardar shaida ta kyauta da ƙaramar hukuma ke bayarwa, amma sai ka nema tun kusan mako guda kafin zaɓe, kuma talakan ko'ina shi ne na ƙarshen jin sanarwa. Wani abin haushi, ana karɓar katin shiga bas na tsofaffi, ba a karɓar irinsa na matasa. Kada wani ya ce muku Turawa ba su iya son kai a dokar zaɓe ba.

Sai dai inda suka burge ni, sun yi tunanin mai rauni tun kafin ya iso. Mace mai niƙabi ba a ce ta yaye fuska a bainar jama'a, akwai keɓaɓɓen wuri, tana iya cewa mace 'yar uwarta ce za ta duba ta. In fasfonka ya ƙare aiki, ana karɓa muddin hoton ya yi kama da kai. Tsofaffin da nake kula da su, waɗanda ko banɗaki sai an riƙe su, har ɗaki ake kawo musu ƙuri'a a ambulan, su zaɓa, su sa hannu, a mayar ta gidan waya. Wanda bai iya wannan ba yana iya naɗa wakili ya jefa masa.

A wurin aiki abokan aikina sun yi ta kumfar baki kan mutum 16,000 ɗin nan, wai an ci zarafin dimokuraɗiyya. Na yi shiru ina saurare, hankalina yana gida. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajistar Najeriya, katin zaɓe sama da miliyan 6 ba a karɓa ba, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Muka ce ai mutane ne ba su damu ba, muka wuce.

To gwaggona ta damu. Daga wani ƙauye a ƙasar Maru suka gudo Gusau da dare, da ita da jikoki, ba ta ɗauko komai ba sai zanen jikinta. Da na kira ta bayan zaɓen na ce, “Gwaggo, kin samu kin dangwala kuwa?” Ta ce, “Ɗan nan, da wane katin? Yana can cikin kwalla, in ba su ƙone ɗakin ba.” Ko waɗanda suka gudo da nasu katin, ƙa'ida ita ce ka yi zaɓe a rumfar da ka yi rajista, rumfar kuma tana inda 'yan bindiga ke karɓar haraji. An ce ana iya sauya rumfa, har ta intanet ma. Amma ku tuna, ana tsakiyar rajistar masu zaɓe da sauya rumfar ne aka katse layukan waya a faɗin Zamfara a Satumbar 2021. Da lokacin zaɓe ya zo kuma ga canjin kuɗi, mutum bai da takardar naira ta shiga mota, ga dokar hana zirga-zirga a ranar. Tsohuwa wadda ba ta karatu, tana kwana a kangon wani, ta ina za ta ɓullo wa wannan?

Ba kati ne matsalarmu ba. Namu kyauta ne, yana da hoto, na'urar BVAS tana duba yatsa, in noma ya cinye zanen yatsan ta duba fuska. A nan takarda ce da fensir, ko tawada ba a shafa wa kowa. Ta fuskar tantancewa mun fi su tsauri nesa ba kusa ba. Bambancin, su ƙuri'a ke bin mai rauni har gado, mu mai raunin ke bin ta da kuɗin motarsa.

Mu ma da namu laifin, kada a ɗora wa gwamnati duka. Magidanci ya tattara katunan matansa ya kulle a akwati sai ranar da ɗan siyasa ya zo da taliya da sabulu. Makafi da guragu ana cika mota da su ranar gangami don a ɗauki hoto, ranar zaɓe babu mai tuna yadda za su kai rumfa, duk da dokar kare masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu tun farkon 2019. 'Yan siyasarmu sun san kowane kango da 'yan gudun hijira ke kwana a Gusau da Anka idan rabon atamfa ya tashi, amma ban taɓa jin wanda ya kai mota ya kwashe su zuwa sauya rumfa ba.

Mu da ke waje kuwa ba a ma maganarmu. Kuɗinmu yana shiga gida duk wata, ƙuri'armu ba ta shiga, don har yanzu ɗan Najeriya mazaunin ƙetare ba ya zaɓe sai ya sayi tikitin jirgi ya dawo rumfarsa. Nijar da ke nan bayan Zurmi da Shinkafi, wadda muke yi wa kallon ƙanwa, a zaɓen 2016 'yan ƙasarta mazauna Najeriya sun zaɓi shugabansu ba tare da sun tsallaka iyaka ba.