Gargaɗi ga masu neman sa SSD a Samaru da Kongo

Jama'a, musamman ɗalibai da masu shagunan buga takardu, a yi hattara da wani da ke watsa talla a zaurukan WhatsApp cewa zai cire maka tsohon faifan kwamfutarka ya sa maka SSD, wato sabon nau'in ma'adanin bayanai, mai 1TB (kusan 1000GB), a kan kuɗin da ko mai 256GB na gaske ba zai sayo ba. Ba shi da shago. Cewa yake ku haɗu a bakin geti ko Kwangila, ya karɓi laftof, ya dawo maka da shi da yamma.

Shi canjin ba laifi ba ne. HDD, wato tsohon nau'in, faifai ne da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, allura na bin sa tana karantawa, shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Kwamfutar da a da sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo, yanzu nan take za ta tashi. To wannan saurin ne mutumin ke fakewa da shi. Ka ga ta tashi da wuri, ka duba ka ga Windows ta rubuta kusan 1TB, shi ke nan ka biya kana ta godiya.

Ita Windows ba ta auna komai, abin da na'urar ta gaya mata shi take nunawa. A cikin irin waɗannan na jabun ƙaramin ma'adani ne, wataƙila 64GB ko 128GB, aka sauya manhajar cikinsa yana ƙaryar girma. Muddin kayanka ba su wuce ainihin wurin ba, ba za ka ga matsala ba. Ranar da suka wuce, sababbin su hau kan tsofaffin ko su bi ruwa. Sunan fayil na nan, girmansa na nan, amma ka buɗe ya ƙi. Haka ɗiyar yayata ta rasa furojet ɗinta ana gab da miƙawa, ta kira lambarsa a kashe.

Abin da ya fi ba ni haushi ma tsohon faifan ne. Ce mata ya yi ya mutu, ya riƙe. Faifan da da safe yake aiki! Hotunanta da takardunta duk suna kai, kuma goge fayil ba ya hana wanda ya san hannunsa dawo da shi. Ko a ina za ku yi canjin, ku karɓi tsohon ku tafi da shi gida.

Ba a cinikin biri a sama. A buɗe kwalin a gabanka, a sa a gabanka, a shagon da gobe za ka iya komawa, a ba ka rasit mai lambar na'urar. Ganin sunan Samsung ko Kingston a jiki ba hujja ba ce, takarda ce kowa na iya liƙawa. Manhajar CrystalDiskInfo takan nuna suna da lamba da awannin da na'urar ta yi tana aiki, sai ka gwama da na kwali, nan ake kama na hannu da aka ce sabo ne, kodayake masu wayo kan share awannin. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na manhajar H2testw, kyauta ce: tana cike duk wurin da ya rage da bayanai, sannan ta sake karanta su. Tana cin awanni, a tanadi wuta. Idan mai sayarwa ya fara kame-kame da jin zancen gwaji, ɗauki kwamfutarka ka ƙara gaba.

Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsa, ya daina loda sababbin kaya, ya kwashe muhimman takardunsa zuwa filas ko Google Drive yau ɗin nan kafin ya yi gwajin. In ta tabbata jabu ne, a ajiye shaidar turin kuɗin da hirar WhatsApp, a kai ofishin 'yan sanda.