Gargaɗi ga mutanen Bauchi: mai kiran kansa injiniya ya karɓe mini naira 187,000 a kan kai Wi-Fi ɗakin lambu

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina rubuta wannan bayani ina gogewa, domin duk lokacin da na kai wurin ambaton kuɗin sai kunya ta rufe ni. Naira 187,000 ne. Na faɗa tun daga farko don kada in sake gogewa. Naira 187,000 wani matashi mai kiran kansa injiniyan intanet ya karɓa daga hannuna a nan garin Bauchi, a kashi uku, da sunan zai kai mini Wi-Fi daga falon gidana zuwa ɗakin da ke ƙarshen lambu, kuma abin da ya bar mini bai wuce kwali ɗaya da guntuwar waya wadda ba ta kai rabin hanya ba.

Gidana yana Fadaman Mada. A bayan gidan akwai fili mai mangwaro biyu da gwaiba, a ƙarshensa kuma akwai ɗakin bulo mai rufin kwano wanda da nake ajiye kayan noma a ciki, daga baya na gyara shi ya zama ɗakin karatu. A nan nake duba takardun ɗalibai, a nan kuma 'yata take shirin jarrabawar JAMB. Daga rautar da ke falo, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gidan, zuwa ƙofar ɗakin mita 38 ne, da tef na auna, kuma akwai bango uku na bulo mai inci tara a tsakani. Sabis yana mutuwa ne daidai ƙofar kicin ta baya.

Ina so wanda zai ce na yi sakaci ya karanta wannan wuri da kyau. Shekara 26 ina koyarwa, ban taɓa tura wa wani kuɗi don ya kira ni ya ce na ci gasa ba, kuma ni ne mai yi wa ƙannena faɗa a kan irin wannan. Da na ga tallarsa a Facebook, yana kan tsani da hular kwano yana ɗaura na'ura a jikin bene, ban tura ko sisi ba. Cewa na yi ya zo gida ya ga wurin da idonsa, domin a tunanina macuci ba ya yarda a ga fuskarsa. Ya kuwa zo. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ai aikinku ba na kuɗi ba ne, albarka muke nema." Lokacin La'asar ya yi, muka je masallacin unguwa tare, kafaɗarsa tana jikin tawa a sahu. Da muka dawo aka kawo masa zoɓo ya sha. Ta yaya zan zargi wanda ya yi sallah kusa da ni, ya sha ruwan gidana?

Kuma bayanin da ya yi ba na jahili ba ne. Ya ce rautata tana watsa sabis a zango biyu, na gigahaz 2.4 wanda ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, da na gigahaz 5 wanda ya fi gudu amma ba ya nisa. Ya ce bulo yana cinye sabis, kwano yana mayar da shi baya, ganyen mangwaro ma idan ya jiƙe da damina yana rage shi. Ya ce ƙaramar na'urar da ake soka wa a soket, wadda ake kira rifita, tana iya rage gudun intanet da kusan rabi saboda ita ce ke karɓa ita ce kuma ke aikawa, don haka shi ba zai cuce ni da ita ba. Duk wannan na bincika daga baya, kuma duk gaskiya ne. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, da gaskiya ya sayi yardata.

Sai gwajin. Ya tambaye ni sunan Wi-Fi ɗina da lambar sirrinsa, na ba shi da bakina, ya ɗan danna wayarsa, ya fito da wata farar na'ura mai kama da faranti ya jingina ta a tagar falo tana kallon lambu. Ya rataya baƙar jakarsa a kafaɗa ya ce, "Baba, mu je ka gani da idonka." Muka bi ta ƙarƙashin mangwaro har cikin ɗakin. Na ciro wayata, sai ga alamar Wi-Fi ta cika fal, da sunan gidana a jiki, a wurin da ko layi ɗaya ban taɓa gani ba. Nan take na kira ƙanena da ke Gombe ta bidiyo a WhatsApp, hoto tar, babu yankewa. Na ce masa, "Injiniya, Allah ya yi maka albarka." Ni na faɗi haka da bakina. Jakar tana kafaɗarsa. Na ba shi kujera ya zauna, bai sauke jakar ba, ɗora ta ya yi a cinya ya rungume. Na gani, wallahi na gani, har na ce a raina yaron nan yana kula da kayan aikinsa. Sai bayan komai ya lalace ɗan maƙwabcina, wanda ke karatu a jami'ar ATBU, ya fahimtar da ni cewa ƙaramar na'urar intanet mai batir ce a cikin jakar, ya sa mata sunan Wi-Fi ɗina da lambar sirrin da na ba shi, ita kuwa waya idan ta ga suna da lambar da ta sani sai ta kama ba tare da ta tambaya ba. Farar na'urar da ke taga ban ma tabbata an haɗa ta da wuta ba.

A yammacin nan na tura naira 70,000 kuɗin kafin alƙalami. Bayan kwana huɗu, ko biyar, ya kira ya ce kaya sun taso daga Legas amma dila ba zai sake su ba sai an cika, na tura 92,000. A'a, kafin wannan ne ya zo da maganar lasisi, domin na tuna ranar Juma'a ce ina fitowa daga masallaci, ya ce na'urar tana da ƙarfin da sai an yi mata rajista da hukuma, naira 25,000, kuma shi bai ƙara ko kwabo a kai ba. Babu wanda ke biyan lasisi don ya sa Wi-Fi a cikin gidansa, yanzu na sani. To, 70,000, da 25,000, da 92,000, jimla 187,000. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, na kuma tambaya, ya ce na maigidansa ne mai shago. Uwargida ta ce, "Malam, mutumin da ba a san shagonsa ba, a bar sauran kuɗin sai ya gama mana." Na ce mata ai na ga aikin da idona. Haka na ce mata, har da ɗan faɗa.

Kwalin wani mai Keke Napep ne ya kawo, shi ma ba shi aka yi a bakin kasuwar Wunti, bai san komai ba. Na buɗe, sai ga rifita, ita dai wadda ya rantse ba zai cuce ni da ita ba, irin ta cikin ɗaki wadda ba ta jure ruwa, tare da waya mai tsawon mita 15. Ko wayar ma ta bogi ce, domin da ɗan maƙwabcina ya kankare ta da wuƙa sai farin alminiyum ya bayyana, jan ƙarfen shafe ne kawai a sama. Na kira shi, ya ce sauran kayan suna hanya. Washegari ya ce an yi masa rasuwa a Azare, har na yi masa ta'aziyya, ni da aka cuta ni ne ke cewa Allah ya jiƙan rai. Daga nan waya ta koma a kashe, ya toshe ni a WhatsApp, shafin tallar kuma ya ɓace. Na manta ban faɗa ba, tun ranar gwajin ya tafi da farar na'urar, ya ce ta wani Alhaji ce a GRA, tawa sabuwa za ta zo a leda.

Abin takaici, aikin ba shi da wata wahala. Ɗan maƙwabcin nawa ya sayo waya Cat6 ta jan ƙarfe zalla mita 50, ya ce irinta tana kai intanet har mita 100 ba tare da matsala ba. Muka haƙa ɗan rami a gefen katanga, aka zura wayar cikin bututun roba don kada ruwa ko ɓera ko fartanya su taɓa ta, aka binne, aka haɗa kanta ɗaya da rautar falo, ɗaya kan kuma da wata ƙaramar rauta a ɗakin lambun. Wuni ɗaya aka yi, kuma duka da ladan mai haƙa naira 61,000 na kashe. Naira 61,000, bayan na riga na zubar da 187,000, kuɗin da na tara don takin bana.

Na kai ƙorafi bankina, na kuma kai rahoto wurin 'yan sanda, ina jiran abin da zai biyo baya. Hotunan hirarmu, da rasit uku na turawar kuɗi, da saƙon muryar da yake kirana Baba, duk suna hannuna, kuma zan saka su da zarar na rufe lambobina da ke jiki. Na ji an ce ya je wani gida a Yelwa da wannan jakar.

Idan ya zo muku, kada ku ba shi lambar sirrin Wi-Fi, ku karɓi wayar ku shigar da kanku idan ya zama dole, kuma ku sauya ta bayan ya tafi. Kada ku tura kuɗi zuwa asusun da ba sunansa ba, kada ku biya kafin a gama aiki. Idan zai yi gwaji, ya bar jakarsa da wayarsa a falo. Ni sau biyu na dubi jakar nan a cinyarsa, har na yi niyyar cewa ya ajiye ta a kan tebur ya huta, sai na ga kamar zan takura wa baƙo, na yi shiru.