Wace manhaja za ka ɗauka don lissafin kristal a ƙarƙashin matsi?

Gaskiya abin na damuna in na ga mutum ya fara da neman lasisi mai tsada, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Kristal ɗin sinadarai masu kabon irin su paracetamol laushi gare su, ɗan jan van der Waals ne da haɗin haidirojin ke riƙe da molekul ɗinsu, da ka matsa kaɗan sai su tsuke. In ka yi DFT (hanyar lissafin enaji daga yadda elektron suka bazu) da PBE (ɗaya daga cikin dabarun kiyasinta) zalla ba gyaran wannan jan, sel ɗinka, wato ƙaramin akwatin da ke maimaituwa a kristal, zai fito a kumbure, daga nan fa komai ya karkace har enajin Gibbs da ke nuna tsarin da ya fi tsayuwa, ko da wace manhaja ka yi. Don haka fara zaɓen gyara tukuna. Gyaran D3 na masani Grimme da ya fito a 2010 ba ya cin lokaci, gyaran MBD ya fi shi nauyi amma yakan fi dacewa in kana kwatanta siffofin kristal biyu na sinadari ɗaya.

Ka duba wannan lissafin: matsin GPa 1 a kan bambancin girma na cm³ 1 a kowane mol yana ba da kJ 1 cif, kuma siffofi da yawa tazarar enajinsu ba ta kai kJ 2 a kowane mol ba, ka ga kuskure ɗan ƙiris a girma sai ya juya maka wacce ta fi tsayuwa.

Manhajojin kuwa: VASP na kuɗi ne, yana da sauri, masu amfani da shi kuma birjik. Quantum ESPRESSO kyauta ne, in ka haɗa shi da Phonopy za ka samu fonon (girgizar atom a cikin kristal) da faɗaɗar zafi ta hanyar kiyasin da ake kira kwasi-hamonik, sai dai ka yi haƙuri, sel mai atom ɗari da wani abu zai sha maka awannin kwamfuta ba kaɗan ba. CRYSTAL na Turin ina son sa saboda PBE0, ɗan'uwan PBE mai cin lissafi, ba ya yi masa nauyi sosai, amma ka sa ido kan besis ɗin da ka zaɓa, wato tarin fankshin da ake siffanta elektron da su. LAMMPS kuwa kamar walƙiya, matsalar dai yawancin fos fil ɗin da yake aiki da su (sauƙaƙan ƙa'idojin ja da turi tsakanin atom) an daidaita su ne a matsin iska na yau da kullum, da matsi ya hau sai su fara kauce hanya.

Ni dai Quantum ESPRESSO da Phonopy zan ɗauka, kuɗin lasisin ya tafi awannin kwamfuta. Kafin komai ka sauke paracetamol siffa ta I da ta II daga CSD (rumbun bayanan tsarin kristal na Cambridge), ka fitar da lanƙwasar Birch-Murnaghan mai nuna alaƙar girma da matsi, ka gwada da sakamakon gwajin da ake matse kristal tsakanin lu'ulu'u biyu. In siffa ta II, wacce ta fi cunkushewa, ba ta fi tsayuwa ba da matsi ya hau, koma kan gyaranka.