Porto-Novo ko Saint-Louis: wanne ya dace da hutun kwana huɗu?

Ɗan'uwa, ka ce kana da hutun kwana huɗu a watan Disamba, kuna so ku fita kai da mai ɗakinka zuwa wani gari na masu Faransanci wanda baƙi ba su cika tururuwa a cikinsa ba, ka ɗan gwada Faransancin da kake koyo. Zuciyarka ta rabu tsakanin Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin da Saint-Louis ta Senegal. Shawarata ita ce, da kwana huɗu ku tafi Porto-Novo. Saint-Louis ta fi ta kyau nesa ba kusa ba, amma hanyarta za ta cinye muku rabin hutun.

Wajen takardu babu bambanci. Ƙasashen biyu suna cikin ECOWAS, don haka ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, fasfo da katin rigakafin shawara sun isa. Kuɗinsu ma ɗaya ne, sefa, wadda aka ɗaure da yuro a kan 655.957, shi ya sa ba ta rawa irin ta naira.

A hanya ne suka rabu. In ka sauka Legas, Porto-Novo na nan bayan iyaka kaɗan. Ko ka bi ta Badagry ka tsallaka a Seme, ko ka bi ta Idiroko ka faɗa Igolo. Shingayen jami'ai suna da yawa a ɓangarenmu, sai ka yi sammako ka kuma riƙe haƙuri, amma ranar da ka tashi ranar za ka kwana a can. Saint-Louis kuwa sai ka hau jirgi zuwa Dakar, galibi da yada zango a Lome ko Abidjan, ka sauka a filin Blaise Diagne da aka buɗe a 2017, wanda shi kansa yana wajen gari. Daga nan sauran tafiyar sama da kilomita 200 zuwa arewa, awa huɗu zuwa biyar, ko a bas ko a tsofaffin Fijon nan masu cin mutum bakwai. Zuwa kwana ɗaya, dawowa kwana ɗaya, ga kuɗin jirgin mutum biyu. Me ya rage?

To amma bari in ba Saint-Louis haƙƙinta. Tsohon garin tsibiri ne siriri a tsakiyar kogin Senegal, tsawonsa bai wuce kilomita biyu da ɗoriya ba, mutanen wurin suna ce masa Ndar. Faransawa suka kafa shi a 1659, ya zama hedikwatar dukkan yankunansu na Afirka ta Yamma daga 1895 zuwa 1902, kafin Dakar ta karɓe. Ana shiga ta gadar Faidherbe, gadar ƙarfe ta 1897 mai tsawon sama da mita 500. Ciki gidaje ne masu bene da baranda ta katako ko ta ƙarfe, fentin ya koɗe, wasu an gyara, wasu suna zubewa. UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 2000. Da ƙafa za ka zaga shi, in uwargida ta gaji ku hau keken doki.

Abin da ya fi kama ni a garin ba gidajen Turawan ba ne. Ka ƙara tsallaka wata ƙaramar gada ta yamma, sai ka shiga Guet Ndar, unguwar masunta, a kan wani siririn tudun yashi tsakanin kogi da teku. Da la'asar kwale-kwale masu zanen launi iri-iri suna dawowa, samari na sauke kifi a kwanduna suna gudu da shi a kā, mata na shanya wani suna banda wani, raguna a ɗaure a ƙofar kusan kowane gida, ƙarni da hayaƙi sun cika ko'ina. Unguwar tana cikin haɗari. A 2003 aka yanka tudun yashin don ambaliya ta samu mafita, yankan 'yan mitoci ne, amma ruwa ya yi ta cinsa har ya kai kilomitoci, kuma teku ta rushe gidaje da yawa a bakin gaɓa, an kwashe iyalai zuwa cikin ƙasa.

Ga tarihin addini kuma. A fadar gwamnan wannan gari ne, ranar 5 ga Satumba 1895, aka gurfanar da Shehu Ahmadu Bamba kafin a kore shi zuwa Gabon, kuma har yau Muridawa, mabiya ɗariƙarsa, na taruwa kowace shekara don tunawa da raka'a biyun da ya yi a wurin. A kan hanyarka daga Dakar za ka ratsa Tivaouane, garin Alhaji Malik Sy, babban shehin Tijjaniyya. Sai dai kada ka ce za ka haɗa da ziyarar Kaulaha, ita tana kudu maso gabas da Dakar, wani ɓangaren ne daban.

Porto-Novo ba ta da wannan kwarjinin, sai ka zauna da ita kafin ta shiga ranka. Ita ce babban birnin ƙasa a hukumance, majalisar dokoki na nan, amma shugaban ƙasa da yawancin ma'aikatu suna Kwatano, tafiyar kusan kilomita 30. Wannan ya bar ta cikin natsuwa. Yarabawa na kiranta Ajase, 'yan ƙabilar Gun na kiranta Hogbonu. Fara da tsohon babban masallaci kusa da kasuwa. Duk wanda ya fara ganinsa zai ɗauka coci ne, saboda zuriyar bayin da suka dawo daga Barazil, waɗanda ake kira Aguda, su suka gina shi a farkon ƙarni na 20 bisa fasalin gine-ginen yankin Bahia na Barazil da suka saba gani. Fuskarsa cike take da ado na siminti, rawaya da kore da shuɗi da ja, ruwan sama ya wanke su sun yi laushi. Tsaya a tsallaken titi da hantsi ka ƙare masa kallo, ba za ka ga irinsa a Kano ko Zariya ba. Daga nan sai gidan tarihi na Honme, fadar Sarki Toffa wanda ya yi mulki daga 1874 zuwa 1908, ya ƙulla da Faransawa don tsoron masarautar Dahomey. Ƙofofin gajeru ne, sai ka sunkuya. Gidan tarihin da Silva yana ba da labarin Agudan.

Ka ware rabin yini don cibiyar Songhai, gonar da wani limamin Katolika ɗan Najeriya, Godfrey Nzamujo, ya kafa a 1985. Kashin kaji ya zama taki da iskar girki, ruwan kifi ya shiga lambu, ba abin da ake zubarwa. Duk mai sha'awar noma zai fito da dabaru, kuma suna da masauki. Wata safiyar ku ɗauki kwale-kwale zuwa Aguégués, ƙauyukan da aka gina a kan turaku cikin ruwa. Zirga-zirgar cikin gari a kan acaɓa ce, su zem suke ce masa, a yi ciniki kafin a hau.

Batun abinci, Saint-Louis ta yi zarra, kuma hankalinka kwance. Garin Musulmi ne kusan duka, can ne asalin cebujen, shinkafa da kifi da kabeji da rogo da yalo, wadda UNESCO ta karrama a 2021, a bi ta da shayin ataya kofi uku. A Porto-Novo sai ka buɗe ido, domin yankin, musamman Adjarra, ya yi suna da gasasshen naman alade. Musulmi suna da yawa, ba za ka rasa halal ba, amma ka tambaya kafin ka zauna. Kifi da akasa, wato agidi, da yajinsu mai zafi ba sa ba da kunya.

Faransancin da kake son gwadawa kuwa, nan Porto-Novo ta rama. A Senegal harshen Wolof ne ke mulkin titi, ka yi wa mai shago Faransanci ya amsa maka rabi da Wolof. A kudancin Benin harsuna sun yi yawa, don haka Faransanci ne mahaɗa, tun daga ɗan zem har mai sayar da burodi. Haɗarin kawai shi ne da sun gane ɗan Najeriya ne kai sai wasu su juya zuwa Turancin buroka. Ka dage, ka ce koyo kake, za su biye maka.

Disamba ta dace da duka biyun: Porto-Novo ba ruwa amma akwai zafi mai gumi, Saint-Louis iska mai sanyi har sai ka nemi rigar sanyi da dare. In ka iya ƙara hutun ya kai kwana shida ko bakwai, to na sauya magana, ku tafi Saint-Louis, ku sa gandun tsuntsaye na Djoudj a ciki, kilomita 60 daga gari, lokacin ne tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai suke cika shi. In kuwa huɗun ne ba ƙari, ku kama ɗaki a Porto-Novo na kwana uku, ku canji sefa tun a Legas ko a bakin iyaka, ku kuma tsallako gida da safe kafin layin Seme ya yi tsawo.